Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Takwarorin Waƙoƙin Rock da Maimaicinsu

Marigayi Chris Cornell, mawaƙin ƙungiyar Soundgarden, yana da wata waƙa da yakan rera shi kaɗai da jitarsa a wasannin shekarunsa na ƙarshe. Yadda yake ba 'yan kallo labari, baitocin "One" ta U2 ya shiga nema a intanet, sai aka miƙo masa baitocin "One" ta Metallica. Maimakon ya gyara kuskuren, sai ya ɗora kalmomin Metallica a kan karin U2, ya ci gaba da rera abarsa haka nan. Waƙoƙin nan biyu ba dangin iya ba na baba. Ta Metallica tana cikin kundinsu na 1988, labarin sojan da yaƙi ya raba da gaɓoɓinsa take bayarwa. Ta U2 kuwa a 1991 ta fito cikin Achtung Baby. Akwai ma ta uku da ta girme su duka, wadda Harry Nilsson ya rubuta ya fitar a 1968, Three Dog Night suka sake rerawa, tasu ta yi tashe a 1969. To, idan aka ce maka Johnny Cash ya rera "One" a 2000, wacce ke nan a cikinsu? Ta U2 ce. Amma ko kwana za ka yi kana kallon sunan, ba zai gaya maka ba.

An ce suna linzami ne, amma a harkar waƙa wannan linzami ba ya jan doki ɗaya. Dalili kuwa yana ga doka. A Amurka, inda babbar kasuwar rock take, haƙƙin mallaka ba ya hawa kan suna, ko take, ko guntuwar jimla. Kowa yana iya sa wa waƙarsa "Creep" gobe da safe, ba wanda zai kai shi ƙara a kan sunan. Shi ya sa Radiohead suka fitar da "Creep" a 1992, Stone Temple Pilots suka sa tasu "Creep" a kundin Core a wannan shekarar, TLC suka zo da tasu a 1994, kowa da abarsa. Sunan ƙungiya daban ne, domin shi ana iya yi masa rajista a matsayin tambarin kasuwanci. Wannan ne ya sa Suede ta Ingila take amsa sunan The London Suede a Amurka, The Beat kuma ta koma The English Beat.

Wanda yake tara waƙoƙi, ko mai shirya su a gidan rediyo, ko mawaƙin da yake son sake rera waƙar wani, sai ya raba abu uku a kansa kafin komai ya daidaita. Akwai ita waƙar kanta, wato kari da kalmomi, wadda mallakar marubuci ce da kamfanin da yake kula masa da ita. Akwai ɗauka, wato sautin da aka naɗa a situdiyo ko a dandali a wata rana, wanda galibi mallakar kamfanin faifai ne. Sannan akwai fitarwa, wato kundi ko ƙaramin faifan da aka saka ɗaukar a ciki aka kai kasuwa. Abin da masu harkar suke kira cover, wanda a nan za a riƙa ce masa maimaici, sabuwar ɗauka ce ta tsohuwar waƙa a bakin wani daban. Takwara kuwa waƙa ce daban ɗungurungum, suna kawai ya haɗa su. Kusan duk ruɗanin da ake samu daga cakuɗa waɗannan biyun yake tasowa.

Babu inda abin ya fi fitowa fili kamar "The Power of Love". Frankie Goes to Hollywood sun kai lamba ɗaya a Birtaniya da tasu a Disambar 1984. Huey Lewis and the News sun kai lamba ɗaya a Amurka da tasu a 1985, wadda aka yi wa fim ɗin Back to the Future. Jennifer Rush ta kai lamba ɗaya a Birtaniya da tata a Oktobar 1985. Waƙa uku, marubuta daban-daban, cikin shekara guda. Sai kuma kowacce ta yi 'ya'ya. Wadda Air Supply suka rera a 1985, da ta Laura Branigan a 1987, da ta Celine Dion a 1993, duk ta Jennifer Rush ce. Wadda Gabrielle Aplin ta rera a 2012 kuwa ta Frankie ce. Wanda ya jera waɗannan bakwai a ƙarƙashin suna ɗaya yana cewa waƙa ɗaya ce da aka yi ta maimaitawa, ya haɗa gida uku a ɗaki guda.

"Changes" ma haka take. Ta David Bowie tana cikin Hunky Dory na 1971. Ta Black Sabbath, mai sanyi ta fiyano, tana cikin Vol. 4 na 1972. Ta Yes ta zo a 1983. Da Charles Bradley ya fitar da kundi mai suna Changes a 2016, mutum zai iya zaton waƙarsa ce tunda ita ta ba kundin suna, alhali ta Black Sabbath ce ya mayar da ita salon soul. A ganina wannan maimaici yana cikin 'yan kaɗan da suka tono wa waƙa wani abu da masu ita ba su kai gare shi ba.

Wannan ya kawo mu ga kundi da waƙar da suke suna ɗaya, kuma a nan gizo yake saƙarsa sosai. Hankali yana ɗauka cewa idan kundi yana da suna kaza, kuma ƙungiyar tana da waƙa mai wannan suna, to waƙar tana cikin kundin. Sau da yawa haka ne. Wani lokaci ma sunan kan zo sau uku: waƙar "Black Sabbath" ta ƙungiyar Black Sabbath a kundin Black Sabbath na Fabrairun 1970, haka Bad Company a 1974, haka Iron Maiden a 1980. Ta Motörhead tana da ɗan murɗiya. Jagoransu Lemmy ya rubuta "Motorhead" ne tun yana ƙungiyar Hawkwind, ta fito a bayan ƙaramin faifansu na 1975. Da suka sallame shi sai ya ɗauki sunan ya sa wa sabuwar ƙungiyarsa, ya sake ɗaukar waƙar, ta buɗe kundinsu na 1977. Don haka akwai ɗauka biyu ta ƙungiya biyu, marubuci ɗaya.

Amma a duba waɗannan. Led Zeppelin sun fitar da Houses of the Holy a 1973 ba tare da waƙar "Houses of the Holy" ba. Sai a Physical Graffiti na 1975 ta bayyana. The Doors sun fitar da Waiting for the Sun a 1968, waƙar kuma tana Morrison Hotel na 1970. Queen sun yi Sheer Heart Attack a 1974, waƙar sai a News of the World na 1977. Def Leppard sun yi On Through the Night a 1980, waƙar tana High 'n' Dry na 1981. Galibi abin da yake faruwa shi ne ba a gama waƙar kafin ranar miƙa kundi ba, ko an ga ba ta zauna da sauran ba, ga shi kuma sunan ya riga ya kama. Mai sayen faifai don waƙa guda, ya karanta jerin da yake bayan kwali kafin ya biya.

AC/DC sun fi kowa rikita lamarin. High Voltage na farko, wanda ya fito a Ostiraliya a farkon 1975, babu waƙar "High Voltage" a ciki. Tana cikin T.N.T. da ya biyo baya a ƙarshen shekarar. Sannan a 1976 aka fitar wa sauran duniya wani kundin shi ma mai suna High Voltage, wanda yawancin waƙoƙinsa daga T.N.T. aka kwaso su, kuma shi yana da waƙar. Ƙungiya ɗaya, suna ɗaya, kundi biyu mabambanta. Irin wannan ya zama ruwan dare a shekarun 1960, lokacin da kamfanonin Amurka suke yanka kundin Ingila yadda suka ga dama. Rubber Soul na The Beatles waƙa 14 ne a bugun Parlophone na Ingila, 12 a bugun Capitol na Amurka. Aftermath na The Rolling Stones 14 ne a Ingila, 11 a Amurka, kuma "Paint It Black" a na Amurka kaɗai take.

Sai kundin da ya ari sunan kundin wasu. The Replacements sun sa wa nasu na 1984 Let It Be da gangan, shekara 14 bayan na The Beatles, kuma babu waƙar "Let It Be" a ciki; maimaicin da yake ciki na "Black Diamond" ta Kiss ne. Badfinger sun fitar da Wish You Were Here a 1974, shekara guda kafin na Pink Floyd. Medicine Head sun riga Pink Floyd fitar da Dark Side of the Moon a 1972, har Pink Floyd suka koma kiran aikinsu Eclipse na wani ɗan lokaci, kafin su dawo kan sunan a 1973. R.E.M. sun yi Up a 1998, Peter Gabriel ya yi nasa Up a 2002.

Kuma kasancewar waƙa ita ta ba kundi suna ba hujja ba ce cewa mai kundin ne ya rubuta ta. Kundin farko na Joe Cocker, na 1969, sunansa With a Little Help from My Friends, waƙar kuwa ta Lennon da McCartney na The Beatles ce daga 1967. Cocker ya rage mata gudu, ya sauya bugun daga na huɗu-huɗu zuwa mai tafiya uku-uku, Jimmy Page ya kaɗa masa jita, waƙar da ba ta kai minti uku ba ta koma wajen biyar. I Love Rock 'n Roll na Joan Jett, na 1981, waƙar ta The Arrows ce ta 1975, Alan Merrill da Jake Hooker ne a rubuce a matsayin marubuta. All the Young Dudes na Mott the Hoople, na 1972, Bowie ne ya rubuta musu. Ta ɗaya gefen kuma, "The Man Who Sold the World" ita ta ba kundin Bowie na 1970 suna, amma ba ta yi wani tashe ba sai da Lulu ta rera ta a 1974, Bowie da Mick Ronson suka shirya mata, sannan Nirvana suka yi ta a wasansu na MTV Unplugged a New York a Nuwambar 1993. Cikin waƙa 14 na kundin wannan wasa, shida na wasu ne. Har yau akwai masu rantsuwa cewa Kurt Cobain, mawaƙin Nirvana, shi ne ya rubuta ta.

To yaya ake tantancewa?

Abu na farko, kuma wanda ya fi sauran duka nauyi, shi ne sunan marubuci. A kan tsohon faifai yana nan da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan waƙar, a takardar da take tsakiyar faifan. A faifan CD yana cikin ɗan littafin da yake cikin kwali. A manhajojin sauraro irin su Spotify akwai shafin da yake nuna waɗanda suka rubuta da waɗanda suka shirya. Idan marubutan waƙa biyu masu suna ɗaya sun zo daidai, maimaici ne. Idan sun saɓa, takwara ce. "Hurt" ta Johnny Cash ta 2002 tana ɗauke da sunan Trent Reznor, jagoran Nine Inch Nails, don haka tasu ce ta 1994. "Hurt" ta Elvis Presley ta 1976 ba ta da shi, domin tsohuwar waƙa ce da Roy Hamilton ya fara fitarwa a 1954. Don ƙarin tabbaci, ASCAP da BMI, ƙungiyoyin da suke karɓar wa marubuta kuɗi a Amurka, suna da rumbun bincike kyauta, kuma tun ƙarshen 2020 sun haɗa bayanansu a tsarin Songview. A nemi suna tare da marubuci, kada a nemi suna shi kaɗai, domin suna kamar "One" zai kwararo da sakamakon da ba mai iya karance shi.

Wannan mataki ma yana da ramukansa. Sunan marubuci yana sauyawa daga bugu zuwa bugu idan an yi shari'a ko sulhu. "Whole Lotta Love" ta Led Zeppelin ta fito a 1969 babu sunan Willie Dixon. Bayan ƙarar da ya shigar a 1985 a kan waƙarsa "You Need Love" aka ƙara shi. "Creep" ta Radiohead tana ɗauke da sunan Albert Hammond da Mike Hazlewood saboda kamar da ta yi da waƙarsu "The Air That I Breathe", amma hakan bai mayar da ita maimaici ba. "Hey Joe" kuwa Billy Roberts ne ya yi mata rajista a 1962, amma akwai tsofaffin faifai masu ɗauke da sunan Dino Valenti ko Chet Powers, waɗanda duk mutum ɗaya ne. Akwai sunan ɓoye: "Nanker Phelge" a faifan The Rolling Stones na farko-farko yana nufin 'yan ƙungiyar baki ɗaya. Sannan akwai waƙoƙin gargajiya da ba a san mai su ba, irin su "Whiskey in the Jar" da Thin Lizzy suka yi a 1972, Metallica suka bi sawunsu a 1998. A irin waɗannan sunan wanda ya tsara kiɗan ake gani, kuma kowane mai rerawa yana iya sa nasa.

Abu na biyu shi ne shekara, amma sai an san wacce. A bayan kwali akwai alama biyu: harafin P cikin da'ira yana nuna shekarar da aka fara fitar da wannan sautin, harafin C cikin da'ira kuma na zane da rubutun kwali ne. Idan an sake gyara sautin aka fitar, P ɗin yakan ɗauki sabuwar shekara, shi ya sa za ka ga waƙar 1969 an rubuta mata 2014. Shekarar da manhajar sauraro take nunawa ta fitarwa ce, ba ta ɗauka ba. Kuma wanda ya fara fitarwa ba lallai shi ne mai waƙa ba. Aretha Franklin ta fitar da "Let It Be" a Janairun 1970, The Beatles sai a Maris. The Flying Burrito Brothers sun fitar da "Wild Horses" a 1970, The Rolling Stones da suka rubuta ta, suka kuma ɗauke ta tun Disambar 1969, sai a 1971 suka fitar da ita a Sticky Fingers. Mai lissafi da kalanda kaɗai zai ce The Beatles ne suka maimaita waƙar Aretha.

Abu na uku lambobi ne, kuma kowane ɗaya daga abu ukun nan da aka raba tun farko yana da tasa. Waƙa tana da ISWC, mai farawa da harafin T, sai lamba tara, sai lamba ɗaya ta tantancewa. Ɗauka tana da ISRC mai gurbi 12: haruffa biyu na ƙasar da aka yi rajista, gurbi uku na kamfani, biyu na shekara, biyar na jeri. Fitarwa kuma tana da lambar zanen nan ta bayan kwali, mai lamba 12 ko 13, da lambar kundi ta kamfani. Ƙa'idar ita ce: maimaici yana da ISWC ɗaya da ta asali amma ISRC daban, takwara kuwa duka biyun daban. Kada a yarda da shekarar da take cikin ISRC. Shekarar da aka ba da lambar ce, kuma tsarin bai zo ba sai a shekarun 1980, don haka tsofaffin ɗauka daga baya aka raba musu lambobi. Haka ma haruffan ƙasa, na kamfanin da ya yi rajista ne, ba na mawaƙin ba.

Akwai kashi ɗaya da yake tsakanin maimaici da asali, wanda shi ya fi cin mutane: mawaƙi ya sake ɗaukar waƙarsa. Whitesnake sun yi "Here I Go Again" a 1982, suka sake ta a 1987, har a wannan shekarar ma akwai ta kundi da ta rediyo. Def Leppard sun sake ɗaukar "Pour Some Sugar on Me" da "Rock of Ages" a 2012, suka kwaikwayi kansu sak, lokacin da suke takun-saƙa da kamfaninsu a kan kuɗin sayarwa ta intanet. "Let It Be" ta ƙaramin faifai, wadda George Martin ya shirya, da ta kundi, wadda Phil Spector ya haɗa, sun bambanta a kiɗan jita na tsakiya, ta kundin kuma ta ɗan fi tsawo. Sai ga ta uku a Let It Be... Naked na 2003. "The Sound of Silence" ta Simon and Garfunkel ta fi ban mamaki. A 1964 muryoyi ne da jitar hannu kawai. A 1965 furodusa Tom Wilson ya ɗora jitar lantarki da ganguna a kan wannan ɗaukar ba da saninsu ba, ita ce ta kai lamba ɗaya. A farko "The Sounds of Silence" ake rubuta ta, kundin 1966 sunansa Sounds of Silence, daga baya waƙar ta koma "The Sound of Silence", kuma da wannan sunan Disturbed suka maimaita ta a 2015. Harafi ɗaya tak, amma ya isa ya sa bincike ya dawo hannu rabbana. A irin wannan, tsawon waƙa shi ne ma'auni mafi sauri: bambancin daƙiƙa biyu ko uku yakan zo daga shirun farko da na ƙarshe, amma idan ya haura goma, a zauna a saurara.

Manhajojin da suke gane waƙa daga sauti, irin su Shazam da AcoustID, ɗauka suke ganewa, ba waƙa ba. Za su raba maka Cash da Nine Inch Nails nan take, amma ba za su ce maka waƙa ɗaya ce ba. Sannan AcoustID a tsarinsa na asali daƙiƙa 120 na farko yake aunawa, don haka ɗauka biyu da suka bambanta a ƙarshe kaɗai suna iya zuwa masa a abu ɗaya. Don gano dangantakar asali da maimaici, shafukan intanet na SecondHandSongs da MusicBrainz sun fi amfani. Don bambance bugu da bugu na faifai, shafin Discogs.

Mai ajiye waƙoƙi a kwamfuta ko waya yana da nasa ciwon kan. Yawancin manhajoji suna haɗa kundi ne ta sunan mai kundi da sunan kundi. Peter Gabriel ya fitar da kundi huɗu a 1977, 1978, 1980 da 1982, duk sunansu Peter Gabriel. Ka zuba su yadda suke, manhaja za ta dunƙule su, ka ga waƙa ta ɗaya har guda huɗu a jere. Maganin shi ne a saka shekara a cikin gurbin sunan kundi kansa, ba a gurbin shekara kaɗai ba. Ga Weezer ma hakan bai wadatar ba. Suna da kundi shida masu suna Weezer, a 1994, 2001, 2008, 2016, sai biyu a 2019, ɗaya a Janairu wanda duk maimaici ne, ɗaya a Maris. Dole a ƙara launin kwalin, wanda da shi masoyansu suke kiran su. Fleetwood Mac suna da biyu, na 1968 da na 1975, kusan ƙungiya biyu ce daban in ban da mai ganga da mai jitar bes.

A fayil ɗin MP3 akwai guraben bayani, masu suna ID3, da aka tanada don wannan aikin, mutane ne ba sa cikawa. TCOM na marubuci ne, TOPE na mawaƙin asali, TSRC na lambar ISRC, TPE2 na mai kundi. Shekarar fitowa ta asali TORY ce a tsarin ID3 na 2.3, TDOR a na 2.4, kuma idan aka cakuɗa tsarin biyu a rumbu ɗaya wasu manhajojin sai su nuna wasu fayilolin babu shekara. Tsohon tsari na farko harafi 30 kawai yake ɗauka, saboda haka bayanin da aka liƙa a ƙarshen dogon suna, kamar cewa ɗaukar dandali ce, yana guntulewa, ɗauka biyu su koma suna ɗaya. Shawarata ita ce a bar gurbin suna da sunan waƙa tsantsa, a cika TCOM ko da yaushe, sannan a jera da marubuci idan ana son ganin dangin waƙa wuri guda. Sunan jakar ajiya ma yana da tarko. Windows ba ya karɓar sandar da take tsakiyar AC/DC, kuma yana cire ɗigon ƙarshe na R.E.M. Kundin Metallica ...And Justice for All da ɗigo yake farawa, kuma a Android, Linux da macOS duk jakar da sunanta ya fara da ɗigo ɓoyayya ce. Fayilolin suna nan, manhaja ce ba ta ganinsu. A sa shekara a gaban sunan, magana ta ƙare.

Ga mai son fitar da maimaici, kuskuren takwara yana iya zama asarar kuɗi. A Amurka sashe na 115 na dokar haƙƙin mallaka ya ba kowa damar sake ɗaukar waƙar da mai ita ya riga ya fitar wa jama'a, ba sai ya nemi yardarsa ba, muddin ya bi ƙa'idar sanarwa ya kuma biya kuɗin da hukuma ta yanka. Tsarin ya samo asali daga dokar 1909, inda aka yanka senti 2 a kowane kwafi, kuma haka ya zauna har 1978. Daga 2006 zuwa 2022 senti 9.1 ne. A 2023 ya koma senti 12 a kowane faifai ko saukewa, ko senti 2.31 a kowane minti, duk wanda ya fi yawa, kuma tun daga nan ana ɗaga shi duk shekara gwargwadon tsadar kaya. A lissafin 2023, kwafi 1,000 na waƙar minti huɗu dala 120 ne. Waƙar minti bakwai senti 16.17 ce a kwafi, wato dala 161.70. Guntun minti ana lissafa shi cikakke, don haka waƙar minti biyar da daƙiƙa ɗaya kuɗin minti shida za a biya, senti 13.86. Kuɗin sauraro ta intanet kuwa, tun Janairun 2021 kamfanonin sauraron ne suke biya ta hannun hukumar MLC, mai raba wa masu waƙa kuɗin. A Birtaniya babu wannan lasisin dole. Ta hannun MCPS, ƙungiyar da take karɓar wa marubuta wannan kuɗi, ake bi.

Lasisin yana da iyaka. Sauti kaɗai ya shafa, bidiyo sai da izinin mai waƙa kai tsaye. An yarda a sauya salo, gudu da kayan kiɗa, amma ba a yarda a sauya ainihin karin waƙar ko ruhinta ba. Fassara baitoci zuwa wani harshe, ko rubuta sababbi, sai an nemi izini na musamman. Yanko guntun ɗaukar wani a saka a taka ba maimaici ba ne. Wannan izini biyu yake buƙata, na mai waƙa da na mai ɗauka. Amma kwaikwayon sautin da hannunka, komai kamarsa da na asali, doka ba ta hana ba, kuma wannan ƙofa ce kundayen kwaikwayo masu araha suke bi, waɗanda ake rubuta sunan waƙa da manyan haruffa, sunan masu kiɗan da ƙanana.

Wajen cike takardar lasisi ko shafin kamfanin da zai rarraba maka waƙar, gurbin mawaƙin asali ba shi ne mai kai kuɗi ba, gurbin marubuci ne. Wanda ya rera "The Power of Love" yadda ya ji ta a bakin Celine Dion, sunan Gunther Mende, Candy DeRouge, Jennifer Rush da Mary Susan Applegate zai rubuta. Idan ya zaɓi layin farko da ya fito masa a bincike, ya faɗa kan Huey Lewis, Chris Hayes da Johnny Colla, to ya biya lasisin waƙar da bai rera ba, wadda ya rera kuma tana nan babu lasisi, kuma masu ita suna da damar sa a sauke ta daga kasuwa.